Raddi Ga Masu Cewa Hoton Dabbar Gidan Zu Ba Ya Buƙatar Sahalewar Kowa

Wata magana ta samu gindin zama tsakanin masu ɗaukar hoto da ke kai hajarsu rumbunan sayar da hotuna irin su Getty Images da Shutterstock da Alamy. Suna cewa takardar sahalewar mai dukiya, wadda ake nema kafin a sayar da hoton dabbar gidan zu don talla, ƙaƙale ce kawai da wahalar da mai nema. Hujjojinsu huɗu ne, zan kuma bi su ɗaya bayan ɗaya, domin ba na son sana'ar nan ta ginu a kan saɓa alkawari.

Hujja ta farko, sun ce hoto na wanda ya ɗauka ne, dabba kuwa ba ta da haƙƙin mallaka. Wannan gaskiya ne. A 2018 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke cewa birin nan Naruto, da aka ce shi ya danna kyamarar David Slater a tsibirin Sulawesi a 2011, ba shi da hurumin neman haƙƙin mallaka. Sai dai sun amsa tambayar da ba a yi musu ba. Ai ba zaki ake nema ya sa hannu a takardar ba, masu gidan da ke tsare da shi ake nema. Mallakar hoto daban, sharaɗin da ka amince da shi kafin ka shiga daban.

Hujja ta biyu, sun ce sun biya kuɗin shiga. To me kuɗin ya saya? Gidajen zu da yawa, har da na Landan da na San Diego, sun gindaya cewa hoton mai ziyara na amfanin kansa ne, na kasuwanci sai da izini. Wanda ya karɓi tikiti a kan haka ya ɗauki alkawari, alkawari kuwa kaya ne. A Jamus ma abin ya wuce nan: a 2010, a shari'ar lambunan fadar Sanssouci, kotun ƙoli ta tarayya ta tabbatar cewa mai wuri yana iya hana cinikin hotunan da aka ɗauka daga cikin harabarsa. Adalci ya sa a faɗi cewa ba ko'ina ake haka ba, don a 2004 kotun ƙolin Faransa ta ce mai dukiya ba shi da keɓantaccen iko a kan hotonta, sai in amfani da hoton ya jawo masa cutar da ta wuce kima. Amma rumbun hoto duniya yake sayar wa, mai saye na iya kasancewa a Berlin, shi ya sa yake bin mafi tsananin dokoki.

Hujja ta uku, sun ce zaki duk zaki ne, wa zai gane na wane gida ne? Wanda ke ba dabba abinci kullum ya san ta. Zanen jikin jakin dawa ba ya zama iri ɗaya da na ɗan'uwansa, ga alamar da ake maƙala wa a kunne, ga duwatsun keji da shingensa a bayan hoton. Wata dabbar ma sunanta kuɗi ne. Knut, ɗan farin beyar da aka haifa a gidan zu na Berlin a Disamban 2006, uwarsa ta ƙi shi har wani ma'aikaci ya raine shi da hannu, gidan ya yi wa sunansa rajistar tambarin kasuwanci. Da wani kamfanin Birtaniya ya nemi rajistar sunan, kotun Tarayyar Turai ta ba gidan zu gaskiya a 2013.

Hujja ta huɗu, sun ce takardar tana kashe kasuwar ƙaramin mai hoto. A'a, kāre shi take yi. Duk mai kai hoto rumbu yana sa hannu cewa yana da ikon sayar da shi, in rigima ta tashi kuwa kansa take komawa. Sannan rumbunan sun raba hoton labarai da ilimi daga hoton talla, kuma a na tallan ne aka fi tsananta neman takarda. Dalilin a fili yake: hoton jaririn biri a hannun mai kula da shi yana iya ƙarewa a tallan masu fataucin namun daji, sunan gidan da ya ciyar da shi ya biya likitansa ya ɓaci, alhali ba a ko shawarce shi ba.

Saboda haka, ɗan'uwa mai kyamara, karanta sharuɗɗan gidan kafin ka je. In ciniki kake nufi, rubuta wa hukumarsa ka nemi izini a rubuce, ka adana takardar tare da hotunan, ka kuma bayyana a ƙarƙashin kowanne cewa dabbar a tsare take, kada mai saye ya ɗauka a daji ka same ta. In sun ƙi, ka haƙura da cinikin wannan hoton, domin ribar da aka samu ta hanyar karya sharaɗi ba ta da albarka.