Daga Turke Nama Yake Gyaruwa

Jama'ar ruga, masu kiwon turke, dillalan kara, Sarakunan Pawa da yaranku, ku ba ni kunnuwanku!

Sa ya kwanta ba ya cin abinci. Mai shi ya garzaya kasuwa ya sayo kwalbar allura, ya danna masa a cinya. Kwana uku bai miƙe ba, sai a ce a yanka kafin a yi asara. Da la'asar namansa yana kan tukubar mai tsire, maganin kuwa yana nan cikin tsoka, 'ya'yanmu kuma su ne masu ci. A jikin kwalbar nan an rubuta kwanakin da za a jira kafin yanka ko tatsa, wasu magungunan ma sai an yi makonni. To wa ya taɓa karanta wa makiyayi wannan rubutun? Ga ɓarnar cinyar kanta, inda ake fitar da naman kilishi: wurin allurar kan yi ƙurji, mahauci ya yanke ya zubar.

Makiyayan Amurka sun sha wannan matsalar, suka kafa tsarin horo mai suna BQA. Ana koya wa mai shanu yin allura a wuya, da rubuta ranar da ya ba da magani, da loda dabba a mota ba tare da duka ba, sannan a ba shi shaidar da yake sabuntawa duk bayan shekara uku. Me ya fi ƙarfinmu a ciki?

Ba magani kaɗai ne haɗarin ba: ku tuna watan Yulin 2023, lokacin da cutar saifa ta ɓulla a wata gona a yankin Suleja. Dabbar da jini ke fita ta hancinta da duburarta, ko fiɗe ta haɗari ne ga mai riƙe da wuƙar.

Masana muna da su. Cibiyar Vom tana nan tun 1924 tana haɗa allurar riga-kafi, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika, ga ma'aikatar kiwon dabbobi da gwamnatin tarayya ta kafa a 2024. Mu matsa musu su fito daga ofis! A kawo irin wannan horon cikin kara ranar kasuwa, Juma'a a Wudil, Alhamis a Maigatari, da Hausa da Fulfulde, kuma duk wanda ya kammala a ba shi katin shaida.

Ku kuma mahauta da masu gidajen abinci, in sa ya zo daga hannun mai kati, ku ƙara masa kuɗi. Wanda ya haƙura ya ci gaba da sayen dusa har magani ya fita, bai kamata a saya a hannunsa daidai da mai gaggawa ba.

Ranka ya daɗe Arɗo, tara mutanenka a makon nan. A aika a kira malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, kowa ya zo da kwalbar da ke cikin jakarsa a karanta masa.