Masu agashe, ku ƙara kuɗi amma kada ku tauye mudu

Agashe namu ne. Kakanninmu da suka biyo hanyar Makka suka yada zango a ƙasar Gadarif, su suka zo da shi, har ya zama abin marmari a Sudan baki ɗaya. Shi ya sa idan mai agashe ya yi ha'inci a kasuwar Basunda, ba sunansa ake kira ba, "Hausawa" ake cewa.

Na sani, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 nama da gawayi da gyaɗa suka yi tashin gwauron zabi, fam ɗin Sudan kuma ya karye. To, a ƙara kuɗi a fili mana, kowa ya gani. Amma a rage tsoka, a cika takarda da kitse da albasa, mai saye ya yi magana a harare shi? Wannan tauye mudu ne, kuma mun san hukuncinsa.

Sai tsabta. A Gadarif aka fara ayyana kwalara a Satumbar 2023, amma har yau akwai mai barin nama a buɗe, ƙuda na bi.

'Yan'uwa, a rufe nama, a faɗi farashi, a saki fuska. Allah Ya sa albarka a sana'a.