Kunya Ba Ta Warkar Da Ciwo

A makarantunmu na kwana da manyan makarantu akwai 'yan mata da dama masu fama da wata lalura a ɓoye. In sun yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko tsalle a filin wasa, sai fitsari ya ɗigo musu. Wasu kuma ciwon mara ne da taurin bayan gida suka addabe su. Kunya ta hana su faɗa, jama'a kuwa sun ɗauka wannan matsala ta tsofaffi ce da matan da suka haihu kaɗai.

A ƙasan ƙugu Ubangiji ya shimfiɗa wata tsoka kamar majanyi, wadda ke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji. Ita ce ke riƙe fitsari da bayan gida har a kai makewayi. Yawan yunƙuri saboda taurin bayan gida, da tari mai daɗewa, da ɗaukar kaya masu nauyi kullum, duk suna raunana ta. Ga kuma halin makarantu: ɗaliba ta ƙi shan ruwa, ta wuni riƙe da fitsari domin bayan gidan makaranta ya ƙazantu ko ba ruwa. Rashin shan ruwa kuwa shi ke ƙara taurara bayan gida.

Abin takaici, in magana ta fita sai zargi ya biyo baya. Wasu su ce yarinya ta lalace, wasu su ce asiri ne. Wannan zalunci ne, gama budurwar da ba ta san namiji ba tana iya samun wannan lalura. Ta haka yarinya ke daina wasanni, ta janye daga ƙungiyar mawaƙa, karatu ya ja baya. Mu tuna matar nan ta Markus sura 5 da ta shekara 12 tana zubar jini. Yesu bai tsawata mata ba, ya karɓe ta a gaban taro kamar 'yarsa.

Magani yana nan. A shekarar 1948 wani likitan Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana motsa jikin da ke ƙarfafa wannan tsoka: a matse kamar ana riƙe tusa na daƙiƙa 5, a saki, sau 10, sau uku a rana, har kamar wata uku. Kada a yi shi lokacin fitsari. Mai jin zafi kuwa ta fara ganin likita, domin wata tsokarta ɗaurewa ta yi, sassautawa take bukata.

Kada a haɗa wannan da yoyon fitsari, wanda yawanci doguwar naƙuda ke kawowa. Shi ma ana ɗinke shi, kamar yadda ake yi a Babbar Ruga ta Katsina da cibiyar Evangel ta Jos.

Saboda haka muna kira ga Zumuntar Mata su gayyato ma'aikatan jinya na ikilisiya su koyar da 'yan mata a keɓe. Shugabannin makarantun mishan su gyara bayan gida, su tanadi ruwa, malamai kuma su bar hana ɗaliba fita in ta matsu. Iyaye mata su saurari 'ya'yansu ba tare da tuhuma ba. Ku kuma 'ya'yanmu, ku je asibiti da wuri, ku bar sayen magani a bakin hanya.

Muna koyar da cewa jiki haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, don haka kula da shi hidima ce. Ubangiji ya taimake mu, amin.