An cire ƙarin ƙwaƙwalwa, me ya sa ba a daina magani ba?

Akwai tambayar da iyalan masu jinya ke yawan yi mini a kantin magani: tunda likita ya cire ƙarin, mene ne amfanin ci gaba da sayen magani mai tsada haka?

Amsar tana cikin halin giliyobilastoma, mafi tsananin kansar da ke farawa a ƙwaƙwalwar manya. Ita ce ta yi ajalin Sanata John McCain na Amurka a 2018.

Ƙwayoyin halittar jikinmu suna da wasu sinadarai a bayansu, irin su intagirin da kadaherin, waɗanda ke manna su da juna da kuma inda suke zaune. Ƙwayar wannan kansa tana sarrafa su yadda take so: ta kama gaba, ta ja jiki, ta saki baya. Ku tuna yadda kabewa ke yaɗo a jikin danga. Haka take bin jijiyoyin jini da zaruruwan ƙwaƙwalwa, ta shige cikin ɓangaren da ke da lafiya, inda hoton MRI ba ya nuna ta. Likita na iya cire uwar, amma yaɗon yana nan. Shi ya sa ƙarin yakan dawo, galibi dab da inda aka yi aikin.

Masana sun gwada toshe intagirin da wani magani mai suna silenjitaid, amma sakamakon babban gwajin da aka wallafa a 2014 ya nuna bai ƙara wa marasa lafiya kwana ba. Don haka ku yi hattara da duk mai tallar maganin "narkar da ƙari".

Abin da aka tabbatar tun 2005 shi ne tiyata, sai gashi da na'ura na mako 6 haɗe da kafson temozolomaid, sannan a ci gaba da kafson kwana 5 cikin kowane kwana 28. Ba ya warkarwa, amma yana jinkirta cutar. A haɗiye kafson da ruwa, kada a buɗe shi ko a tauna, kuma kada a tsallake gwajin jini, domin yana rage ƙwayoyin jini.

Idan babba ya fara farfaɗiya rana tsaka, ko ciwon kan asuba da amai, ko raunin ɓarin jiki, ko halinsa ya sauya, a kai shi asibiti da wuri.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa.