Dajin da ke cikin gona

  

A wannan fitowar za mu ɗan bar lissafin akwati, mu fita bayan gari. Dalili kuwa, ƙungiyoyi da yawa suna tambayarmu ko ya dace a taɓa kuɗin asusu don a biya wa mata biyu ko uku mota su je wani ƙauye ziyarar gani da ido. Wasu na cewa yawon banza ne, icce dai icce ne, wa bai san shi ba? Mu dai ra'ayinmu shi ne a je. Amma a je da tambayoyi a baki, kuma a san inda za a.

Mun bi hanyar Maraɗi zuwa Agye bayan an gama yankan hatsi, muka ratse arewa zuwa Ɗan Saga. Wadda ta saba jin kalmar "daji" tana zaton za ta tarar da duhuwa, wurin kura da macizai, to ba haka ba ne. Dajin can a cikin gonaki yake. Karan gero na kwance, a tsakaninsa sabara da kalgo da aduwa sun miƙe, nan ɗaya, can biyu, har iyakar ganin ido. In kika tsaya bisa ɗan tudu sai ki rantse gandun daji ne, sai kin sauko ki ga ashe kowane icce da mai shi, kowace inuwa a gonar wani take.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne, yawancin itatuwan nan ba dasa su aka yi ba. Ba a sayi ɗan icce a leda ba, ba a yi ban ruwa ba. Kututturan da iyayenmu ke sarewa duk shekara lokacin sharar gona, ashe ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, duk bazara sai su sake toho, a sake saresu a ƙone. Sassabin zamani shi ne a daina wannan. Manomi ya duba tohon da ya fito a kututture, ya zaɓi biyu ko uku har zuwa biyar waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, ya cire sauran, ya rage rassan ƙasa da wuƙa ko lauje mai kaifi, yana yankan daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Wasu kan ɗaura tsumma a jiki don mai wucewa ya san an bar shi da gangan. Shi ke nan fa. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta yi nisa, tohon kan yi saurin girman da dashe ba ya yi.

Wannan dabara a ƙasar Maraɗi ta yi ƙarfi. Wani ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aikin noma da ƙungiyar SIM, ya fara yaɗa ta a 1983, kuma yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka gwada, don a lokacin ana ba da abinci ga masu barin icce a gona. Bayan an daina rabon abincin wasu sun sare nasu, wasu suka bari, kuma waɗanda suka bari ne maƙwabta suka dawo suna koyi da su. Masu bincike da suka duba hotunan sama sun ƙiyasta cewa a Nijar an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 ta wannan hanya, itatuwa wajen miliyan 200. Ba injin, ba rijiya, lauje ne da haƙuri. Kuma in an faɗi gaskiya, tun kafin zuwan kowane bature akwai manoman da ba su taɓa yarda a taɓa musu gawo ba. A Damagaram har yanzu ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimun ya sa a kan mai saran gawo.

To, mu mata ina ruwanmu? Ai ruwanmu ya fi na kowa. Wa ke fita neman iccen girki? Wa ke ƙona kashin shanu da kara in ya ƙare, idonta na hawaye? Wace ce ke hana ɗiyarta zuwa lakwal ran da za a yi nisa neman makamashi? A ƙauyen da aka yi sassabin zamani, rassan da aka rage su ne iccen girki, kuma a gonar gida suke. Awowin da ake ɓatarwa a hanya sun koma na suyar ƙuli-ƙuli ko saƙar tabarma, abin da ke kawo zubin mako. Wannan kaɗai ya isa a yi tafiyar.

Amma bari mu daɗe kaɗan a kan abin da ke shiga tukunya da abin da ke zuwa kasuwa, don nan ne asusu ke da magana. Ki ɗauki aduwa. Yara na tsotsar ƴaƴanta, ganyenta da furenta, dubagira ke nan, ana dafawa a yi kwaɗo, ƙwallon kuma in an fasa akwai mai a ciki, na ci da na sabulu. Magarya ana shanya ta a daka a yi akuri, wanda ba ya kwana a tire ranar kasuwa. Kalgo ɓawonsa igiya ne, ƴaƴansa abincin awaki. Sabara kowace mai jego ta san ta. Gawo kuwa shi ne mai abin mamaki: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya shaƙe gero, ganyen da ya zubar taki ne, sai da rani, lokacin da komai ya bushe, ya yi kore shar ya zubo da ƴaƴan da tumaki ke rububi. Duk wadda ta ci bashin asusu ta sayi rago don turka, ta san abin da buhun dusa ke ci mata a watan azahar ɗin rani. Mai gawo biyu a gona ba ta cikin wannan kukan sosai. Wadda ta taɓa bin hanyar Matamai ko Magarya ta ga yadda gawo ya rufe gonaki, gero na tsaye a gindinsa ya fi na fili tsawo.

Ga kuma anza. Da, cin anza alamar yunwa ce, ba a son a faɗa. Ana jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Yanzu a Damagaram akwai kamfanin Sahara Sahel Foods da ke sayen anza da aduwa da sauran ƴaƴan daji daga hannun matan ƙauye yana sarrafawa. Abin da muke jin kunyarsa ya zama haja. A Mirya kuka ce dukiya, ana tsinkar ganye a shanya a cika buhuna. A Gulbin Kaba, wajen Mayahi da Tasawa, sunan wurin ma ya faɗa miki: kabar goriba ce ke zama tabarma da faifai da igiya. Kowane yanki da iccensa. Shi ya sa muka ce a san inda za a, kada matan da ƙasarsu ta goriba ce su kashe kuɗin mota su je koyon kuka.

Sai dai kar mu zana muku aljanna. Akwai abubuwa biyu da ke ci mana tuwo a ƙwarya, kuma su ne tambayoyin da za ku kai.

Na farko, ɓarayin icce. Ki yi shekara uku kina tattalin kalgo, dare ɗaya wani ya zo da gatari, ko makiyayi ya sassare wa dabbobinsa rassan gawo har ya kashe shi. Abin da ya sa na Ɗan Saga ya tsaya shi ne kwamitin tsaro da gari ya kafa, da dokokin da kowa ya sani da tarar da kowa ya yarda da ita, kuma an sa mata da makiyaya a ciki. Mu da muka saba cin tarar mai makara a taro, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Ku tambaye su: wa ke kama mai laifi, wa ke karɓar tara, ina kuɗin ke zuwa, kuma in mai laifin ɗan maigari ne yaya ake yi? Amsar tambayar ƙarshen ita za ta nuna muku ko kwamitin na gaske ne.

Na biyu ya fi zafi: iccen na wa? Shekaru da yawa manomi na tsoron barin icce a gonarsa, don in ya girma ya zama na gwamnati, in ya sare reshe ma'aikatan gandun daji su ci shi tara. Abin ya sassauta, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince cewa wanda ya yi sassabin zamani a gonarsa yana da haƙƙi a kan itatuwan. Madalla. Amma gonar wa? Yawancinmu gamana muke nomawa, wadda maigida ya ba mu aro. In aka yi saki, ko ya rasu aka zo rabon gado, ko ya ga dama ya sauya miki wuri, aduwar da kika raina shekara biyar tana nan a gonar, ke kin tafi. Mun san matan da saboda wannan suka ƙi barin toho ko ɗaya, kuma ba za mu ga laifinsu ba. Shi ya sa muke ganin ƙungiya ta fi mace ɗaya ƙarfi a nan. Ƙungiya na iya neman fili daga maigari, ko ta saya da ribar rabon shekara, a yi takarda a gaban shaidu da hukumar kula da filaye ta gari, da sunan ƙungiyar. Icce abu ne na shekaru, ba a raina shi a kan alkawarin baki.

Wata magana kuma tsakaninmu. A cikinmu akwai masu cin bashi su sari iccen girki su sayar, sana'a ce ta halal kuma tana biyan bashi da wuri. Amma in amalanken da ke kawo miki da asuba ɗanyen icce yake saukewa, wata ƴar uwarki ce aka yi wa ɓarna a gona. Ba mu ce a hana bashin ba. Mun ce a taro a riƙa tambaya daga ina iccen yake, kamar yadda ake tambayar mai sayen akuya wa ya sayar mata. Akwai kasuwannin icce na karkara da aka kafa bisa doka, da takardarsu, ga kuma manoman da ke sayar da rassan da suka rage da hannunsu. Kuma murhun Mai Sauƙi ko na laka mai tattalin icce ba tsada gare shi ba.

Game da tafiyar kanta, a taƙaice. Lokacinta yanzu ne, bayan kaka kafin zafi ya sauko, gonaki a buɗe, mutane na gida. A aika wa maigari da ƙungiyar matan garin tun da wuri, kada a faɗo musu ranar kasuwa. A tura wadda ke noma da hannunta, da sakatariya don ta rubuta, ba lallai sai shugaba ba. A yanke kuɗin a taro, a rubuta a littafi: in ku talatin ne kowace ta ba da dala ashirin, jika uku ke nan, sai a ga ko sun isa mota ko sai an ƙara daga kuɗin tara. Kada a taɓa asusun taimako, na rashin lafiya da haihuwa ne. A riƙe goro da ɗan sabulu na gaisuwa. In an isa kada a zauna a zaure ana jin jawabin maza kawai, a roƙi matan su kai ku gona, ku riƙe laujen da kanku ku gyara kututture ɗaya a gabansu. Masu sha'awar dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi wajen Madarunfa, mu dai muna cewa a dakata, sai an tambayi hukuma halin tsaron hanyar.

Waɗanda suka dawo su ba da labari a taron da ke biye, kafin a buɗe akwati. Ƙungiyar da ta riga ta yi irin wannan ziyara, ko take da filinta da takarda, ta ba mai kawo muku wannan jarida saƙo, ta faɗa mana yadda ta samu filin da abin da ta biya, za mu buga a fitowa ta gaba. Matan Tawa, muna jiran naku musamman, don ƙasarku ta dutse ce, kuma aikin rabin wata da ramukan tasa da kuke yi ya sha bamban da na masu jigawa.