Daga Teksas Zuwa Mubi: Ina Aka Kwana Kan Amanar 1961?

Tun da Donald Trump ya koma kan mulkin Amurka a Janairun 2025 yake nanata kwaɗayinsa na mayar da Kanada jiha ta 51, da kuma mallakar tsibirin Girinland. Da yawa a nan gida sun ɗauki maganar a matsayin ɓaɓatun mutum guda. Wanda ya karanci tarihin ƙasar kuwa ya san gado ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A 1836 baƙi 'yan Amurka da suka yi kaka-gida a yankin Teksas na ƙasar Meksiko suka yi tawaye, suka kafa jamhuriyarsu. Cikin dalilansu har da bayi, domin Meksiko ta haramta bauta tun 1829, su kuwa audugarsu da gumin bayi ake noma ta. Amurka tana ta miƙe ƙafa zuwa yamma a lokacin, amma da aka kai wa Majalisar Dattawanta yarjejeniyar haɗe Teksas a 1844, sai ta yi fatali da ita, ƙuri'a 35 da 16. Shugaba John Tyler ya bi ta bayan gida, ya nemi ƙudurin haɗin gwiwar majalisu biyu, wanda ƙaramin rinjaye ya wadatar. Ranar 29 ga Disamba, 1845 Teksas ta zama jiha ta 28. A shekarar ce wani ɗan jarida, John O'Sullivan, ya raɗa wa wannan haɗama suna mai daɗin ji, wai bayyananniyar ƙaddara ce Amurka ta mamaye nahiyar. Yaƙi ya biyo baya, kuma a 1848 Meksiko ta sallama kusan rabin ƙasarta, har da Kalifoniya, aka ba ta dala miliyan 15.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne sharuɗɗan shigar. Teksas ta riƙe filayen gwamnatinta, ba ta miƙa wa tarayya ba, kuma an rubuta haka cikin doka. A 1923 aka tono mai a filin da aka keɓe wa Jami'ar Teksas, har gobe tana cin gajiyarsa (malamin jami'a a ƙasar nan ba zai karanta wannan ba sai ya yi ajiyar zuciya). Amma 'yan asalin wurin masu jin Sifaniyanci ba su ga wannan alheri ba. Juan Seguín ya yi yaƙin ɓallewar tare da baƙin, ya zama magajin garin San Antoniyo, duk da haka a 1842 barazanarsu ta sa ya tsere zuwa Meksikon da ya yaƙa.

To mu ma mun taɓa faɗaɗa, sai dai gabas muka nufa, kuma da ƙuri'a muka yi, ba da bindiga ba. A nan Kaduna aka ƙulla shirin, tsakanin zauren Lugard Hall da gidan Firimiya Sa Ahmadu Bello da ke titin Rabah, wanda yanzu ya zama Arewa House. Ina mamakin yadda ɗalibanmu ke iya zayyano labarin Teksas tiryan-tiryan, amma a tambaye su yadda Mubi, Ganye, Gwoza, Bama da Gembu suka zama Najeriya, sai su yi zuru.

Waɗannan garuruwa na cikin Kamarun Jamus ne. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka raba ta tsakanin Ingila da Faransa, kuma daga 1946 kason Ingila ya zama yankin amana na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ingila ta jingina arewacinsa da lardunan Borno, Adamawa da Binuwai, har mahukuntan Kaduna suka ɗauka nasu ne. Ranar 7 ga Nuwamba, 1959 aka yi ƙuri'ar raba gardama, sakamakon ya girgiza jam'iyyar NPC: mutum 70,546 suka ce a jinkirta yanke hukunci, 42,788 kaɗai suka zaɓi Jihar Arewa. Ba ƙaunar Kamaru ce ta kawo haka ba. Mazauna duwatsu da sauran talakawa sun gaji da hakiman da En'e ke turo musu, musamman daga Yola, sai suka rama da takardar ƙuri'a.

Sardauna ya fahimci saƙon, kuma a nan ya cancanci yabo. Aka raba yankin da En'en Adamawa, aka kafa masa nasa hukumomi, aka kuma yi wa mutanensa alkawarin lardi mai zaman kansa, daidai da kowane lardi a Arewa. A ƙuri'a ta biyu, a Fabrairun 1961, Najeriya ta sami 146,296, Kamaru 97,659. Ranar 1 ga Yuni aka haɗe, aka sami lardi na 13, Lardin Sardauna, hedikwatarsa Mubi. Shugaba Ahmadu Ahidjo, Bafulatanin Garwa, ya ayyana ranar a matsayin ta makoki, ya kuma kai Ingila ƙara Kotun Duniya, wadda ta ƙi yanke hukunci a 1963.

Akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta dage sai mata sun yi zaɓe a 1961, kuma sun yi. Da ƙuri'arsu aka shigo ƙasar da ba ta yarda matan Arewa su yi zaɓe ba sai 1976. Wato matar Mubi ta zaɓi Najeriya, Najeriya ta ce ta koma gida ta jira shekara 15.

Alkawarin lardi ya rayu ne muddin mai alkawarin yana raye. An kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu, 1966. A 1967 Gowon ya zuba lardin cikin Jihar Arewa maso Gabas, a 1976 aka ƙirƙiro Gongola, hedikwata ta koma Yolar da suka guje wa a 1959. Yau tsohon yankin amana a warwatse yake tsakanin Borno, Adamawa da Taraba, a kowace jiha yana can bakin iyaka, inda kwalta ke ƙarewa. A 2014 Boko Haram ta kafa tuta a Gwoza da Mubi. Madatsar lantarkin Mambila kuwa ta shafe fiye da shekara 40 a kan takarda. 'Yan'uwansu na kudu da suka zaɓi Kamaru bisa sharaɗin tarayya ba su tsira ba, domin Ahidjo ya rushe tarayyar a 1972, kuma tun 2017 ake zubar da jini a can, 'yan gudun hijira na kwararowa Kuros Riba, Binuwai da Taraba.

Ni ba na cikin masu ganin ƙarin jihohi ne maganin talaucinmu. Yawancin jihohin da muke da su ma da ƙyar suke biyan albashi. Amma idan mutanen Mubi suka nemi Jihar Amana, ko na Mambila suka nemi Jihar Sardauna, bai dace a jefa takardarsu cikin tulin sauran buƙatu ba. Sauran Turawa ne suka tattaro su ba shawara, waɗannan kuwa an tambaye su, sun ce a dakata, aka lallashe su da alkawari, sannan suka amince. Sashe na 8 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce kafin su sami jiha sai kashi biyu bisa uku na mutanen yankin sun yarda a ƙuri'ar raba gardama, sai rinjayen jihohin ƙasa sun goyi baya, sannan kashi biyu bisa uku na kowane zauren Majalisar Tarayya ya amince. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Tsakiyar Yamma a 1963, babu gwamnatin farar hula da ta taɓa ƙirƙiro jiha a Najeriya.