Rana ta yi arha a duniya, amma Nijar na saye da tsada

Mutanen Yamai, Maraɗi da Damagaram ba su manta da watan Agustan 2023 ba. Kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin da NIGELEC ke rabawa daga can yake zuwa. Telolin da ke ɗinki da kuran suka zauna, masu sayar da ƙanƙara suka yi asara, gurup-gurup suka cika unguwanni da ƙara da hayaƙin gazuwal. Sai a watan Maris 2024 aka maido da wutar.

A cikin wannan duhun ne tashar hasken rana ta Gorou Banda, mai ƙarfin megawat 30, ta soma aiki kusa da Yamai. Ba ta magance matsalar ba, amma ta nuna abu ɗaya: babu shugaban wata ƙasa da zai sa hannu a takarda ya kashe wa Nijar rana.

A duniya kuwa, sauyin ya yi nisa. Farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, mafi yawansu kuma a China ake ƙera su. A taron COP28 na Dubai a 2023, ƙasashe sun amince su ninka ƙarfin makamashi mai sabuntuwa sau uku kafin 2030. A 2024 kaɗai an ƙara gigawat 585 a faɗin duniya. Rabon Afirka baki ɗaya bai kai gigawat 5 ba, ga shi kuma mutane kusan miliyan 600 a nahiyar ba su da wuta.

Rana ba ita ta yi ƙaranci ba, kuɗi ne ke da tsada. Tashar sola kusan duk kuɗinta tun farko ake biya, daga baya babu man saye. Don haka ruwan bashi shi ke yanke farashin wutar. Kamfanin da zai gina tasha a Jamus yana samun rance da sauƙi; na Sahel kuwa sai ya biya ninki biyu ko uku, saboda masu kuɗi suna ganin yankin da haɗari. Alƙawarin dala biliyan 300 a shekara da aka yi a Baku a 2024 ma sai 2035 ake sa ran cikarsa. Wanda fankarsa ta tsaya cikin zafin Afrilu ba zai jira wannan ba.

Akwai masu cewa ƙasar da ke da gawayin Anou Araren da man Agadem ba ta buƙatar wa'azin Turawan da suka gina arzikinsu da hayaƙi. Suna da hujja, domin Nijar ba ta cikin masu gurɓata iskar duniya. Sai dai manyan ayyuka suna cin shekaru. Madatsar Kandaji mai megawat 130 an daɗe ana jiranta, yaran da aka haifa lokacin da aka aza tubalinta a 2008 yau sun zama samari.

Pakistan ta nuna wata hanya. A 2024 ta shigo da farantan sola na kusan gigawat 17, mafi yawa magidanta, manoma da masu masana'antu ne suka saya da kuɗinsu, don wutar gwamnati ta yi musu tsada. Irin wannan ya riga ya fara a Nijar: masu lambu suna ban ruwa da famfon sola, ƴan ci-rani suna aiko kuɗi a ɗora faranti a kan rufin gidan iyaye.

Abin da ke karya gwiwar mutane shi ne jabun kaya. Mutum ya tara kuɗin wata shida ya sayi batir, bai shekara ba ya mutu, kuma ba shi da wurin kai ƙara. Nan ne aikin hukuma yake: a riƙa binciken ingancin kaya tun daga duwan, a horar da matasa masu haɗawa da gyara a cibiyoyin koyon sana'a, a sa bankuna su ba da bashin da za a biya kaɗan-kaɗan. NIGELEC kuma ta fito da tsari bayyananne na sayen rarar wutar da gidaje da shaguna ke samarwa da tsakar rana, lokacin da ake kunna kowace fanka a gari.